Saman teburina ya tsage da shigowar hunturu: laifin gam ne ko na katako?

Sabon Hannu, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar manya. Ni ba kafinta ba ne, aikin ofis nake yi, amma ina da ɗan benci a zaure inda nake taɓa aikin katako ranakun hutu. A watan Agusta na sayi falanki 1x12, wato mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12, na mahogani guda uku, na goge gefunansu, na haɗa su da farin gam, suka ba ni saman teburin cin abinci mai faɗin santimita 90. Na ɗaure shi a jikin firam da sukuru ta kowane ɓangare don kada ya motsa, na shafa masa banish a sama har ya yi ƙyalli. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa sai tsaga ta buɗe daga ƙarshe ɗaya, yanzu ta fi taƙi guda, bakin wuƙa yana shiga ciki. Falankin tsakiya kuma ya yi doro, faranti ba ya zama daidai. Shin gam ɗin ne ba shi da kyau? In na cika tsagar da garin katako da gam, za ta tsaya?

Baba Kafinta, Zariya:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin a yi wa gam sharri, je ka duba min abu ɗaya. Tsagar a kan layin da ka haɗa falankin take, ko a cikin naman katakon? Sannan ka leƙa ƙarƙashin teburin, ka faɗa min ko can ma ka shafa banish.

Sabon Hannu, Kano:
Na duba, Baba. Layin gam yana nan daram, tsagar tana gefensa da kamar yatsa biyu, a cikin katakon. Ƙasa kuwa ban shafa komai ba, tunda ba a gani.

Baba Kafinta, Zariya:
To gam ya fita. Ya ma yi aikinsa fiye da yadda ake nema, tunda katakon ne ya gaji ya yage, haɗin bai saki ba. Ɗanyen katako ka saya da damina, ka ɗaure shi tamau, hunturu ya zo ya shanye ruwansa. Yana son ya tsuke, sukuru sun riƙe shi ta nan sun riƙe shi ta can, sai ya buɗe a inda ya fi rauni. Doron kuma na banish ne: ƙasa a buɗe take, ta riga sama bushewa, ta tsuke ta janyo gefuna. Kada ka cika tsagar yanzu. In ka cika ta da gari da gam, damina na dawowa katakon zai kumbura ya matse abin da ka cusa, ko ya turo shi waje ko ya ƙara tsagar gaba.

Malamin Kimiyya, Katsina:
Baba ya gama magana, ni lissafin kawai zan ƙara don a ga girman abin. Katako ba ya daina mu'amala da iska ko bayan ya bushe. In iska ta yi laima ya sha, in ta bushe ya saki, har sai ruwan jikinsa ya daidaita da na wurin da yake. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda ake samu a tsakiyar damina, katako yakan tsaya a kan ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa. Idan ta sauka zuwa kashi 20, wanda abu ne da aka saba gani a Kano da Katsina da rana a watan Janairu, katakon zai sauka zuwa kashi 4 ko 5. Tazarar maki 10 ke nan ko fiye, a cikin wata huɗu ko biyar.

Yawancin katakon da muke aiki da shi yana tsukewa ta faɗi da kusan kashi 0.2 cikin 100 a kan kowane maki ɗaya. Ninka da 10, ka sami kashi 2. Kashi 2 na santimita 90 kuwa ya kusa santimita 2. Wato saman teburinka yana neman ya rage faɗin babban yatsa. Ta tsawo kuwa katako kusan ba ya motsi sam. Sandunan firam da suka ratsa ƙarƙashin saman, tsawonsu ne ya bi faɗin teburin, don haka su ba su rage ba, shi kuma ya rage. Nan rigimar take. Kuma wannan lissafin na katakon da ya riga ya bushe ne da damina. Wanda aka sauke daga tirela daga Ondo ko Edo ko Kuros Riba bai daɗe da fitowa daga injin yanka ba, ruwansa yakan wuce kashi 20 nesa.

Oga Mai Shago, Kaduna:
Malam, da girmamawa, wannan lissafin na aji ne. Mu da muke ci da sana'ar nan, mai aiki zai zo yau ya ce biki saura sati uku, wa zai jira katako ya bushe? Ni shawarata ga Sabon Hannu ita ce ya daina wahalar da kansa. Ya sayi filawud mai kauri inci 3/4, ya yi saman da shi, ya zagaye bakin da siririn mahogani. Ba tsagewa, ba doro. Abin da muke yi ke nan kuma ba wanda ya dawo mana da kaya.

Baba Kafinta, Zariya:
Oga, maganarka ta filawud gaskiya ce, ba na musu. An jera fallayensa ne wannan a tsaye wannan a kwance, kowanne yana riƙe ɗan'uwansa, shi ya sa ba ya motsi. Amma yaron nan ba kwangila yake yi ba, ba mai biki a bayansa. Abu ɗaya da yake da shi wanda ku ba ku da shi shi ne lokaci. Kuma teburin katako zalla in ya ƙarje bayan shekara goma sai a kankare a sake masa fuska, a bar wa jikoki. Filawud ɗin kasuwa na yanzu, fatar samansa in ka ɗan matsa da sanfefa ka huda ta. Ruwa kuma in ya sami bakinsa sai ya fara ɓarewa.

Batun ba wanda ya dawo da kaya kuma, mutanenmu ba su cika dawowa ba, sai dai su canza kafinta.

Oga Mai Shago, Kaduna:
Na karɓi wannan, Baba. Amma ku faɗa masa gaskiyar kuɗin. Katakon da zai jibge wata shida don ya bushe kuɗi ne a kwance, kuma a cikin falanki goma sai biyu sun murɗe ko sun tsage tun suna jibge. Ya sayi fiye da abin da yake buƙata.

Hajiya Mai Zarto, Jos:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ƙananan abubuwa nake yi, kantar littattafai da akwatunan kayan ɗinki, kuma na sha ganin irin wannan a murfin akwati. Tambayata ga Malam: mu da ba mu da na'urar auna ruwan katako, ta yaya za mu san ya bushe? Masu sayarwa kowane falanki ka taɓa sai su ce busasshe ne.

Malamin Kimiyya, Katsina:
Hajiya, sikelin kicin ya isa. Ki yanko guntu daga falankin, amma ba daga can ƙarshe ba, ki shiga ciki da kamar santimita 30, domin bakin ya riga sauran bushewa. Ki auna, ki rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa da fensir, ki mayar da shi cikin jibgin. Duk sati ki sake aunawa. Ranar da kika ga sati biyu ko uku a jere nauyi bai sauka ba, ya daidaita da iskar ɗakin.

In kina son ainihin adadin, ki yanki ɗan siriri ki auna, ki sa a oven a wuta kaɗan, wajen digiri 100 zuwa 105, kina fitarwa kina aunawa har ya daina raguwa. Ki cire nauyin ƙarshe daga na farko, ki raba da na ƙarshen, ki ninka da 100. Misali giram 120 ya koma 100, ruwansa kashi 20 ke nan. Kada ki bar wurin yayin da yake ciki.

Baba Kafinta, Zariya:
Jibgewar ma tana da ƙa'ida, kuma nan ne mutane suka fi ɓata katako. Ba a jingina falanki a bango, ba a shanya shi a rana. Rana tana busar da fuska ɗaya ta bar ɗayar, kafin la'asar ya kantare. A inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa. Ka ɗaga shi daga ƙasa da bulo saboda gara da laima, ka tabbatar shimfiɗar a miƙe take, don katako yana ɗaukar siffar abin da ya kwanta a kai. Tsakanin falanki da falanki ka gitta siraran sanduna busassu masu kauri ɗaya, kamar inci guda, tazarar taƙi biyu zuwa uku. Kowace sanda ta hau daidai kan ta ƙasanta, in ba haka ba falankin zai lotsa a tsakani. A can sama ka ɗora bulo ko wani abu mai nauyi.

Sai bakin falankin. Itace kamar damin kara yake, ramukansa duk ta ƙarshe suke buɗewa, ruwa ta nan ya fi saurin fita. Shi ya sa tsaga kullum daga baki take farawa. Ranar da ka kawo katako gida, ka shafe bakuna biyun da ragowar fentin mai ko narkakken kyandir. Wannan ɗan aikin na minti goma yana ceton taƙi guda a kowane ƙarshe.

Ɗan Masassaƙa, Maraɗi:
Gaisuwa ga Baba. Abin da kuka faɗa haka iyayenmu suke yi da turmi da akushi, ko da yake su ba falanki suke aiki da shi ba. Ana sassaƙa itace tun yana da ɗanyensa, lokacin gizago yana cinsa da sauƙi. Ƙirya in ta bushe sarai sai ta gagari ƙarfe. Bayan an fafe cikin, ba a barinsa a rana, inuwa ake kai shi ya bushe a hankali, a shafe shi da mai. Fafewar ma tana taimakawa, domin gungume in aka bar shi da cibiyarsa dole ya tsage daga tsakiya zuwa waje. Don haka Sabon Hannu ya riƙa duba bakin falanki a kasuwa, duk wanda cibiyar itacen ta faɗo a cikinsa ya ajiye musu abinsu.

Sabon Hannu, Kano:
Allah ya saka da alheri, na fahimci inda matsalar take. To yanzu wannan da ya riga ya tsage fa? A jefar, ko yana gyaruwa?

Baba Kafinta, Zariya:
Ba a jefar da mahogani. Yau ɗin nan ka kwance sukurun duka, ka sauke saman. Ka kankare banish ɗin don fuska biyun su sha iska daidai, ka kwantar da shi a kan sanduna a cikin ɗaki, ka ɗora nauyi. Ka bar shi sai wajen Fabrairu ko Maris. Wani doron zai sauka da kansa.

Sannan ka sa zarto ka bi tsagar ka raba shi gida biyu har ƙarshe. Ni da nawa ne, kowane falankin inci 12 sai na tsaga shi biyu ya koma inci 6, domin falanki mai faɗi ya fi yin doro. Ka miƙar da gefunan da jakfilen, wato filen na hannu mai wuƙa da ake aske katako da shi. Ka haɗa biyu ka ɗaga su ga haske, in haske yana ratsowa ba su zauna ba, ka koma. Kada ka ce kilam, wato ƙarfen matse katako, zai matse giɓin, abin da ka matse da ƙarfi yau shi zai buɗe baɗi. Wajen jerawa ka dubi layukan da ke bakin kowanne, masu lanƙwasa kamar baka: wannan ya kalli sama, na kusa da shi ya kalli ƙasa. Teburin zai rage faɗi kaɗan, ba komai.

Malamin Kimiyya, Katsina:
A nan kaɗai zan ɗan saɓa wa Baba. Juya layukan ba ya hana kowane falanki lanƙwasa, yana raba lanƙwasar ne ta zama ƙananan tudu da kwari maimakon babban doro guda. In an jera su duk fuska ɗaya, doro ɗaya ake samu, kuma firam yana iya janyo shi ya kwanta. Kafintoci sun rabu a kan wannan. Ni na fi son a zaɓi fuskar da ta fi kyau a sa ta sama, a kuma jera su yadda filen zai bi su duka ta hanya ɗaya ba tare da ya tsinci zare ba.

Baba Kafinta, Zariya:
Malam, a katakon da ya bushe sosai na yarda da kai. A namu na kasuwa, wanda ba ka da tabbas a kansa, ni dai juyawa nake yi, haka kuma zan ci gaba. Amma ka taɓo inda ya fi muhimmanci, wato ɗaurin. Yaro, saurara da kyau. A sandunan da suka ratsa faɗin teburin, sukuru na tsakiya kaɗai za ka ɗaure a rami daidai shi. Sauran, ka huda rami biyu kusa da juna ka haɗe su da cizal ko magagari su zama dogon rami, tsawonsa ya bi faɗin teburin. Ka sa wosha a kan sukurun, ka ɗaure ya kama amma ba har ya nutse ba. Saman zai riƙa zamewa a hankali, ya tsuke da rani ya buɗe da damina, ba wanda zai lura.

Akwai ta da, wadda na fi so. Ka yi kwarmi a cikin firam ta ciki, ka yanka 'yan guntayen katako masu harshe, harshen ya shiga kwarmin, gangar jikin a ɗaure ta da sukuru ɗaya a ƙarƙashin saman. Suna riƙe shi ƙasa, suna kuma barinsa ya yi tafiyarsa. Gam kuwa kada ya kusanci tsakanin sama da firam.

Hajiya Mai Zarto, Jos:
Ƙarin bayani kan gam, tunda da rani zai haɗa. Farin gam a busasshiyar iska yana yin fata cikin 'yan mintuna, in ka tsaya neman kilam bayan ka shafa, ka makara. Ka gwada haɗin a bushe tukuna, komai yana kusa da hannu. Ni ba ni da dogayen kilam, sai na kafa sanduna biyu a kan benci, tazararsu ta ɗan fi faɗin aikin, in bubbuga 'yan katakai masu tsini biyu-biyu a tsakani har gam ya fito ɗigo-ɗigo a layin. Ƙananan aiki kuwa robar tsohon tub na mota nake yankawa in naɗe. A bar shi ya kwana kafin a taɓa.

Na Zango, Kumasi:
Ina karanta ku ina mamaki, domin mu a nan akasin haka muke fama da shi. Katako ba ya son bushewa, wanda muke kira wawa in ka jibge shi ba iska sai ya yi baƙin tabo, ƙwaro kuma ya shige shi ya riƙa zubo gari. Shi ne obeche a wajenku. Wani ɗan'uwa ya kawo akwatin katako daga arewa, da damina murfin ya ƙi buɗuwa. Ga mai son katakon da bai cika motsi ba, odum, wato iroko, yana da haƙuri sosai. Sai dai ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi, a rufe hanci, kuma wani lokaci akwai ƙullutu mai tauri kamar dutse a cikinsa da ke dakushe wuƙar filen nan take.

Oga Mai Shago, Kaduna:
Iroko ya yi tsada yanzu. Malaina ta fi araha kuma in ta bushe tana zama lafiya, matsalarta jinkirin bushewa, waje ya bushe ciki da ruwa. Sabon Hannu, tunda za ka sake goge mahoganin nan, ka shirya: zarensa a harɗe yake, layi ɗaya ya tafi gaba na kusa da shi ya dawo baya, filen yana fizgar nama. Madacinmu na arewa ɗan gidansu ne, ya ma fi shi nauyi da taurin kai. Ka wasa wuƙar har ta aske gashin hannu, ka matso da ƙarfen da ke kanta ya kusa taɓa bakin kaifin, ka fito da ita kaɗan ƙwarai. Inda ya ƙi, ka yanki guntun tsohon zarto ka kankare da shi. Kuma in ka gama ka shafa wa ƙafafun baƙin mai saboda gara.

Malamin Kimiyya, Katsina:
Oga, duk na yarda ban da baƙin mai. Man da ya fito daga inji yana ɗauke da dattin ƙarfe da abubuwan da ke cutar da fata, wannan kuma teburin cin abinci ne, yara za su rarrafa a ƙarƙashinsa. Ga wari, ga shi banish ba ya kama inda ya taɓa. Gara daga ƙasa take hawowa. Tebur a kan siminti ko tayil, ana share ƙarƙashinsa ana matsar da shi, ba ta cika samunsa ba. In ana tsoro, akwai maganin katako na gwangwani irin su Solignum, a shafa a waje, a bari ya bushe sarai. Banish kuma a shafa sama da ƙasa da bakuna adadi ɗaya. Ba ya hana katako shan iska, yana rage saurin ne, amma in fuska biyun suna tafiya tare ba za a ga doro ba.

Hajiya Mai Zarto, Jos:
Baba, maganar Na Zango ta tuna min. Ina shirin yin ƙaramin kabad mai ƙofa biyu da aljihu a watan Janairu. In na yi shi cif-cif yanzu, ke nan da damina zai cije?

Baba Kafinta, Zariya:
Zai cije, 'yata, musamman a Jos da ruwanku ke da yawa. Abin da aka haɗa da rani a bar masa wurin kumbura, wanda aka haɗa da damina a matse shi don zai saki. Ƙofar ki yi mata firam, allon tsakiya ya zauna a cikin kwarmi ba gam, ki rage masa kamar milimita 3 ta kowane gefe a cikin kwarmin. Firam ɗin siriri ne, motsinsa kaɗan ne, allon kuma zai yi nasa a ɓoye. Ki shafa wa allon banish kafin ki saka shi, don kada farin layi ya bayyana a gefe in ya tsuke. Tsakanin ƙofa biyun ki bar milimita 3. Aljihun kuma daga ƙasa zuwa sama yake kumbura, don haka ki rage saman gefunansa da milimita 2, ki goga kyandir a inda yake zamewa. Gindinsa ki yi da filawud.